Zauren Fasaha: Rana Ba Ta Ƙarya a Kasuwar Katin Hoto

Yau cikin kwamfuta za mu leƙa, amma ta ƙofar kasuwa za mu shiga.

Duk mun san halin tela a goman ƙarshe na azumi. A ce teloli biyu ne a unguwa. Na farko gwani ne, ɗinkinsa ba a magana, sai dai idan ya ce ka zo ranar jajibere, to sai an yi kwana uku da saukowa daga idi za ka ga kayanka. Na biyu bai kai shi iya aiki ba, amma idan ya sa rana ba ya saɓawa. Baɗi wa za a kai wa yadi? Da yawanmu na biyun za mu kai wa, domin ba a sa alkawari a je idi da shi. Shi ya sa Hausawa suka ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Wannan magana ta tela ita ce take juya wata kasuwa ta biliyoyin daloli, wato kasuwar katin hoto na kwamfuta. A can ma iya aiki kaɗai ba ya sa kamfani ya ci kasuwa. Dole kayansa su fito a kan lokaci, kuma mai saye ya same su a kanti a kan farashin da aka faɗa.

Mene ne katin hoto?

Idan kuka bi ta Ƙofar Kabuga zuwa titin Jami'ar Bayero, za ku ga shagunan buga takardu, da masu zana fastar biki da kalanda, da gidajen gem inda samari suke buga ƙwallo a talabijin. Duk hoton da ke motsi a waɗannan wurare lissafi ne. Fuskar kwamfuta mai faɗin ɗigo 1,920 da tsayin ɗigo 1,080 tana ɗauke da ɗigo 2,073,600. Idan hoto zai tafi sumul, sai a sabunta launin kowane ɗigo sau 60 a sakan ɗaya. Ku buga lissafin, za ku samu sama da miliyan 124 a kowane sakan.

Babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ake kira furosesa, kamar 'yan malaman lissafi ce ƙwararru: suna warware tambaya mai wuya, amma ba su da yawa. Shi kuwa katin hoto, wanda masu shago suke kira girafik, kamar a tara ɗalibai dubbai ne a fili, a ba kowa ƙaramin lissafi guda, su amsa a lokaci ɗaya. Katin RTX 3080, alal misali, yana da irin waɗannan ƙananan ma'aikata har 8,704. Da su ake wasan gem, ake tace finafinai irin na Kannywood, ake zanen gini, a yanzu kuma ake horar da ƙirƙirarriyar basira.

Kamfanoni uku ne suke riƙe da wannan sana'a, dukkansu na Amurka: Nvidia da AMD da Intel. Duk yaron da ya taɓa riƙe hannun PlayStation 4 ko PlayStation 5 a gidan gem ya yi amfani da aikin AMD, domin shi ya zana ƙwayar da ke cikinsu.

Sarkin da ya makara

A shekarar 1996 wani kamfani mai suna 3dfx ya fito da katin Voodoo. A lokacin, duk mai son wasan gem a kwamfuta sunan da yake kira ke nan. Nvidia, wanda Jensen Huang da abokansa biyu suka kafa a 1993, a baya yake biye.

Sai Nvidia ya ɗauki wata dabara: ya riƙa fitar da sabon kati kusan duk bayan wata shida. A watan Oktoba na 1999 ya fito da GeForce 256. Shi kuma 3dfx ya sanar da nasa sabon katin, Voodoo 5, a ƙarshen 1999, amma bai isa kanti ba sai tsakiyar shekarar 2000. Kafin ya iso, Nvidia ya riga ya sake fito da wani, GeForce 2, a watan Afrilu. Ƙari a kan haka, 3dfx ya sayi masana'antar haɗa kati tasa ta kansa, ya daina sayar wa sauran kamfanoni ƙwayarsa. Su kuma ba su zauna ba, suka koma wajen Nvidia, suka cika kantuna da kayansa.

A watan Disamba na shekarar 2000 Nvidia ya saye kadarorin 3dfx. Shekara huɗu kacal tsakanin sarauta da rufe ƙofa. Voodoo 5 ba mugun kati ba ne. Da ya zo a lokacin da aka yi alkawari, da an yi gogayya ta gaske. Amma kasuwar ta riga ta ci kafin ya shimfiɗa tabarmarsa.

Shi ma Nvidia ya ɗanɗana irin wannan. A watan Agusta na 2002 kamfanin ATI na ƙasar Kanada ya fito da Radeon 9700 Pro, kati mai ƙarfin gaske. Amsar Nvidia, wato GeForce FX 5800, ba ta shiga kanti ba sai farkon 2003. Ma'ana, ta rasa cinikin Kirsimeti, wanda a Turai da Amurka yake kamar cinikin Sallah a Kantin Kwari. Da katin ya zo kuma, sai aka ji fankarsa tana ƙara har mutane suna yi masa ba'a. ATI ya kwashe watanni yana ciniki ba mai tare masa gaba. Wannan ATI ɗin ne AMD ya saya a 2006 a kan kimanin dala biliyan 5.4, shi ya sa har yau katunan AMD suke amsa sunan Radeon.

Akwai suna, babu kaya

Fitowa a kan lokaci rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne a samu kayan. Babu shekarar da ta nuna haka kamar 2020.

Ranar 17 ga Satumba, 2020, Nvidia ya fito da RTX 3080 a kan dala 699. Ranar 18 ga Nuwamba AMD ya amsa da RX 6800 XT a kan dala 649. A takarda gasa ce mai kyau: katuna biyu masu kusan ƙarfi ɗaya, ɗaya ya fi araha. Amma a kanti babu ko ɗaya. Cikin 'yan mintoci aka kwashe abin da aka kawo, aka shafe sama da shekara ana wahala.

Dalilai uku ne suka haɗu. Na farko, annobar korona ta zaunar da mutane a gida, kowa yana neman kwamfuta, ga jigilar kaya ta rikice. Na biyu, masu haƙar kuɗin kirifto na Ethereum sun gano cewa katin hoto ne ya fi dacewa da lissafin da ake biyansu a kai, sai suka riƙa saye da yawa-yawa. Na uku, 'yan sari sun sa manhajoji masu saye da kansu a intanet, suna kwashe kaya kafin mutum ya gama rubuta sunansa, sannan su sayar ninki biyu ko fiye. Duk wanda ya taɓa ganin wahalar fetur a Kano ya san wannan: ga farashin gwamnati a rubuce a gidan mai, amma famfo a rufe, sai dai ka je wajen 'yan bumburutu.

Za ku ce, to me ya hana kamfanonin ƙara yawan kayan? Amsar ita ce Nvidia da AMD ba su da masana'antar ƙera ƙwayar da kansu. Zane suke yi, su kai wa wasu su ƙera musu, kamar mai zanen hula da ke kai wa masu ɗinki. Babbar masana'antar ita ce TSMC ta Taiwan, wadda Morris Chang ya kafa a 1987, sai Samsung na Koriya ta Kudu. Ƙwaya ɗaya tana ɗaukar watanni kafin ta fito, gina sabuwar masana'anta kuwa shekaru yake ci da biliyoyin daloli. Don haka kowane kamfani yana kama layi tun da wuri, kuma abin da ya kama shi zai samu.

A nan ne AMD ya shiga tsaka mai wuya. Gurbin da yake da shi a TSMC dole ya raba shi tsakanin katin hoto, da furosesarsa ta Ryzen, da ƙwayoyin PlayStation 5 da Xbox Series X, waɗanda su ma a watan Nuwamba na 2020 suka fito. Ga dama ta samu, abokin gasa ya kasa wadatar da kasuwa, amma shi ma hannunsa babu isassun kaya. Mai saye ba ya tambayar wane kati ne ya fi kyau a irin wannan lokaci. Wanda ya gani shi yake ɗauka.

Baƙon da ya zo bayan an watse

A daidai wannan lokaci Intel yana shirin shiga kasuwar da katunansa masu suna Arc. Da sun fito a 2021, da an yi wawarsu ko da ba su kai na sauran ba, domin mai jin yunwa ba ya zaɓen miya. Amma aka yi ta ɗage rana.

Ranar 15 ga Satumba, 2022, Ethereum ya sauya tsarinsa, ya daina buƙatar haƙa da katin hoto. Nan take masu haƙa suka fara zubar da katunansu a kasuwar kayan hannu, farashi ya ƙara faɗuwa. Sai ranar 12 ga Oktoba, ƙasa da wata ɗaya bayan haka, Intel ya fito da Arc A770 a kan dala 329. A wannan rana ce kuma Nvidia ya saki RTX 4090, hankalin kowa ya koma can. Ga shi kuma direban katin Intel, wato manhajar da ke fassara tsakanin kati da wasa, bai gama nuna ba, tsofaffin wasanni da yawa suna tafiya da ɗingishi. Intel ya gyara direban a hankali, katinsa na Disamba 2024, Arc B580 mai dala 249, ya samu yabo. Amma waccan dama ta wuce.

Wannan labari ya nuna mana abu biyu. Makara asara ce. Fitar da kaya kafin su nuna ma asara ce, domin sunan da ya ɓaci a makon farko yana daɗewa bai gyaru ba.

Jira ma dabara ce

Kada ku ɗauka cewa wanda ya riga fitowa kullum shi ke cin riba. A ranar 30 ga Janairu, 2025, Nvidia ya fito da RTX 5090 a kan dala 1,999 da RTX 5080 a kan dala 999. Kayan sun yi kaɗan ƙwarai, masu saye suka yi ta ƙorafi. AMD yana da sababbin katuna a hannu tun watan Janairu, amma bai sake su ba. Ya tsaya ya ga farashin abokin gasa, ya ƙara tara kaya a kantuna, sannan ranar 6 ga Maris ya fito da RX 9070 XT a kan dala 599. Mutane da yawa da suka gaji da neman katin Nvidia suka saye shi. Wanda ya fara fitowa shi ke yanke farashi, amma wanda ya biyo baya yana ganin inda na gaba ya yi tuntuɓe.

Duk da haka, har yanzu kusan tara cikin kowane katuna goma da ake saya don kwamfutar tebur na Nvidia ne. Wannan ma maganar lokaci ce. Tun 2007 kamfanin ya ba masu rubuta manhaja wani tsari mai suna CUDA, wanda ke ba su damar amfani da katin hoto wajen lissafin kimiyya. Jami'o'i da kamfanoni suka saba da shi shekara da shekaru. Da ChatGPT ya fito ranar 30 ga Nuwamba, 2022, duniya ta rufta neman na'urorin horar da ƙirƙirarriyar basira, sai aka tarar Nvidia ya daɗe da share fage. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Wannan nasara tana da tasiri a kan ƙaramin mai saye. Ƙwaya ɗaya ta manyan cibiyoyin bayanai, irin H100, kuɗinta ya haura dala 20,000. Idan gurbin masana'anta ƙayyadadde ne, ɗan kasuwa zai fi ba wa kayan da suka fi riba. Mai son katin wasa ko na tace bidiyo sai ya jira.

Me ya shafi ɗan Kabuga?

Mu a nan muna ƙarshen layi ne. Ƙwaya ta fito daga Taiwan, kamfanoni irin su Asus da MSI da Gigabyte su haɗa ta a kan kati, 'yan kasuwa su saro daga Sin ko Dubai, kaya su sauka a Legas, a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, sannan su iso shagunan Kano irin na titin Beirut da Farm Centre da Sabon Gari. Kowane hannu yana ɗora ribarsa. Idan kaya suka yi ƙaranci a Amurka da Turai, mu ne na ƙarshen samu, mu ne kuma muka fi biya da tsada.

Sai maganar canji. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura naira 1,500. Ke nan katin dala 600, wanda a da lissafinsa naira 276,000 ne, ya koma naira 900,000, ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba, kuma ba a sa kuɗin jigila da na kwastan ba.

Sai wuta. RTX 3080 yana jan wat 320, RTX 5090 kuwa har wat 575, ban da sauran kwamfutar. A garin da ake dogara da sola da ƙaramin janareta, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mai shagon zane a Kabuga zai fi amfana da matsakaicin kati mai shan wuta kaɗan, wanda idan ya lalace akwai madadinsa a gari, fiye da zakaran gwajin dafin da sai an yi odarsa a jira wata biyu. Haka wayoyin Tecno da Infinix da itel suka mamaye kasuwarmu: ana samunsu a ko'ina, kuɗinsu daidai aljihu, kayan gyaransu kuma ba sa wuya.

Amma zama a ƙarshen layi yana da nasa amfanin. Duk lokacin da sabon kati ya fito a can, masu kuɗi suna sayar da na hannunsu, waɗannan su ne suke zuwa mana a matsayin tokumbo. Gasar da kamfanoni suke yi a kan sabon kaya ita ce take sauko mana da farashin na jiya.

Kafin a zare kuɗi

Wasunku iyaye za su saya muku kwamfuta bayan WAEC ko NECO, wasu kuma suna tara kuɗin sana'ar hutu. Kuɗi ne da aka sha wuya kafin a samu, don haka ga abin da muke ba ku shawara.

Ku fara da tambayar aikin da za ku yi. Buga takardu, da gwajin jarrabawar JAMB, da koyon rubuta manhaja, da ƙaramin zane, duk ba sa buƙatar katin hoto na daban. Wanda aka haɗa a cikin furosesa ya isa. Sai wanda zai tace bidiyo mai nauyi, ko zanen gini, ko manyan wasanni, shi ne yake buƙatar kati na musamman.

Kada ku sayi kati a makonnin farko na fitowarsa. Lokacin ne kaya suka fi ƙaranci, farashi ya fi hauka, direba kuma bai gama gyaruwa ba. Farashin da kuka gani a sanarwar kamfani ba shi ne farashin kanti ba. Ku tambayi shaguna uku ko huɗu kafin ku yanke shawara.

Idan na hannu za ku saya, ku tafi da wanda ya san harkar. A kunna katin a gabanku, a sa masa aiki mai nauyi na akalla rabin awa, ku saurari fanka, ku duba zafinsa, ku lura ko akwai ɗige-ɗige ko layuka a hoton. Wasu katunan sun yi shekaru suna haƙar kirifto dare da rana. Ku nemi rasit da sharaɗin mayarwa a rubuce. Ku tuna kuma cewa a yawancin laftof ba a canza katin hoto, abin da kuka saya da shi za ku zauna.

Ga waɗanda kuma suke burin zama injiniyoyi ko 'yan kasuwa, tarihin 3dfx ya ishe mu darasi. Ƙwarewa tana jawo mai saye sau ɗaya, cika alkawari ne yake dawo da shi. Ko gyaran waya za ku yi, ko zanen katin biki, ku sa ranar da za ku iya cikawa, ku tanadi kayan aiki kafin ranar ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin gida

Ga lissafin wannan mako. Fuskar talabijin mai faɗin ɗigo 3,840 da tsayin ɗigo 2,160, ɗigo nawa take ɗauke da su? Sau nawa ta ninka wadda muka lissafa a sama? Idan ana sabunta ta sau 60 a sakan, ɗigo nawa katin hoto zai zana a minti ɗaya? Ku rubuta amsa tare da sunan makarantarku da ajinku ku aiko mana. Za mu buga sunayen waɗanda suka fara samu daidai, don haka a nan ma wanda ya riga shi ne da kasuwa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa. Allah Ya ba da ilimi mai amfani.